Kaso Masu Daidai Da Juna A Lissafin Makarantun Firamare

Kaso, a ilimin lissafi, shi ne yankin da aka ɗiba daga wani abu bayan an raba shi daidai wa daida. Ana rubuta shi da lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Lambar ƙasa tana nuna gida nawa aka raba abin, ta sama kuwa tana nuna gida nawa aka ɗauka. Harshen Hausa yana da sunayen irin waɗannan kaso tun da daɗewa, kamar rabi (1/2), sulusi (1/3), rubu'i ko kwata (1/4), sudusi (1/6), sumuni (1/8) da ushiri (1/10), kuma mafi yawansu daga Larabci aka aro su.

Abin da ake so ɗalibi ya fahimta shi ne, kaso biyu suna iya bambanta a rubuce alhali adadinsu ɗaya ne. Alal misali, ƙwaryar goro ita ce goro 100. Wanda ya sayi rabin ƙwarya ya sami goro 50. Wanda ya sayi kwata biyu, wato 25 sau biyu, shi ma 50 ya samu. Ke nan 1/2 da 2/4 da 50/100 duk abu guda ne.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A ninka lambar sama da ta ƙasa da adadi iri ɗaya, ko kuma a raba su da adadi iri ɗaya. Idan aka ninka sama da ƙasan 2/3 sau 4, za a sami 8/12. Idan aka raba sama da ƙasan 15/20 gida 5, za a sami 3/4. Domin a tabbatar da amsa, sai a ninka saman kowane kaso da ƙasan ɗan'uwansa: ga 3/4 da 9/12, 3 sau 12 ya ba da 36, haka ma 9 sau 4.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne su yi ƙari maimakon ninki. Yaro kan ƙara 1 a sama da ƙasan 1/2 ya sami 2/3, ya ɗauka ya yi daidai, alhali sulusi biyu ya fi rabi. Wani kuma yakan zaci sumuni ya fi sudusi yawa saboda 8 ta fi 6. Haddar ƙa'ida ba ta cika magance wannan ba. Ya fi kyau malami ya kawo kara ko takarda a yanka a gaban yara kafin a je ga allo.

Amfanin darasin ya fi bayyana wajen rabon gado. Idan mutum ya rasu ya bar mata, uwa, uba da 'ya'ya maza, matar tana da sumuni, uwa sudusi, uba ma sudusi. Ba za a iya tara waɗannan kaso ba sai an mayar da su kan lambar ƙasa guda, wadda a nan ita ce 24. Sumuni ya koma 3/24, kowane sudusi ya koma 4/24, jimilla 11/24, sauran 13/24 kuwa na 'ya'ya ne. Da dukiyar naira 240,000 ce bayan an biya bashi da wasiyya, matar za ta karɓi 30,000, uwa da uba kowanne 40,000, 'ya'ya su raba 130,000.

Haka nan a zakkar kuɗi, rubu'in ushiri da malamai suke ambata shi ne 1/40, wanda yake daidai da 25/1000, wato naira 25 a cikin kowace 1,000.