Daga Duwatsun Azbin Zuwa Bangayen Mayahi: Tarihin Hanyoyin Nazarin Zanen Dutse da Rubutun Bango

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin hanyoyin da masana suka bi wajen nazarin zane-zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu, sa'an nan a duba abin da za a iya ɗauka daga ciki don nazarin rubutun da ake yi a bango a ƙasar Tasawa da Mayahi, musamman a karkarar El Allassane Maïreyrey. Wani zai ce babu abin da ya haɗa su, tun da ƙasar nan ta rairayi ce, kamar yadda sunan kansa ya nuna, kuma ba a san ta da kogo ko falalen dutse ba. Amma matsalar mai bincike ɗaya ce a wuraren biyu: ga alama an bari a fili, mai ita ba ya nan, yaya za a kwafe ta, a san lokacinta, a fassara ta ba tare da an yi mata ƙari ba?

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, yana cikin na farko da suka kwafi irin wannan zane. A shekarar 1850, a kan hanyarsa daga Tarabulus zuwa Azbin, ya ga siffofin da aka sassaƙa a duwatsun Fezzan, ya zana su da hannu a littafinsa. Wannan tafiya ce ta biyo da shi Agadas, ta kawo shi Tasawa a watan Janairu na 1851, kafin ya wuce Katsina da Kano. Kwafinsa yana da amfani har yau, sai dai da ya zo fassara sai ya koma ga gumakan Girka da na Masar, watau ya laƙa wa zanen sunan da ya taho da shi daga gida.

Wannan ɗabi'a ta daɗe. Henri Lhote, mutumin Faransa, ya kai ayarin masu zane duwatsun Tasili a ƙasar Aljeriya a 1956 da 1957, suka kwafo ɗaruruwan siffofi, aka baje su a birnin Paris, duniya ta yi mamaki. Hanyar da suka bi kuwa ita ce a jiƙa dutse da soso don launi ya fito, a ɗora takarda a bi layi, daga baya a cika launi. Jiƙawar nan ta dusashe zane da yawa. Bayan haka ta bayyana cewa waɗansu ƴan siffofi masu kama da na Masar, da suka shiga littafinsa, ƴan ayarin ne suka zana su don wasa. Wani babban zane kuma ya kira shi da sunan ubangijin mutanen duniyar Mirrihi. Wanda ya san wuraren, ya kai su, Ba'azbine ne mai suna Jibrin, amma ba shi aka tambaya suna ba.

Daga irin wannan aiki ne aka tsayar da rabon zamunna da ake koyarwa: zamanin namun daji, na shanu, na dawaki, na raƙuma. Ana dogara da abu uku: irin dabbar da aka zana, duhun da tsagar ta yi saboda daɗewa, da kuma wane zane ne ya hau kan wani. Na ukun ne ya fi ƙarfi, don duhun tsaga yana bin irin dutsen da yadda yake fuskantar rana da iska. A nan Nijar an sami hujja mafi kyau a Iwelen, cikin Azbin, inda Jean-Pierre Roset ya yi tono kusa da zanen, ya sami kawunan māsu na jan ƙarfe masu siffa irin ta māsun da mutanen cikin zanen suke riƙe da su. Awon gawayin wurin ya kai mazaunin cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Raƙuman dawa na Dabous kuwa, a arewacin Agadas, waɗanda Christian Dupuy ya rubuta labarinsu a 1987, babban ya kai mita 5.4, kuma a 1999 aka ɗauki samfurinsu don gudun ɓarna.

A cikin ƙasar Hausa kanta, misalin da ya fi kusa da mu shi ne Birnin Kudu, a gabashin Kano. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg ya yi nazarin shanun da aka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo yanzu ba. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne bai tsaya ga zanen ba. Ya lura da duwatsun da ke gefe, masu ƙara kamar kuge in an buga su, ya tambayi mutanen gari, aka gaya masa cewa ana zuwa wurin a hidimar aure. A ganina wannan tambaya ta fi kwafi ɗari daraja.

Mu masu nazarin harshe, inda abin ya fi shafarmu shi ne rubutun Tifinag da ke gefen zanen Azbin, wani lokaci ma a kansa. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ƙazantar da makiyaya suka yi wa kayan tarihi, har mai kwafi yakan tsallake shi. Sai da Lionel Galand da abokan aikinsa suka shiga tattara shi, kuma Mohamed Aghali-Zakara da Jeannine Drouin suka buga na Nijar da Mali a 2007, aka ga cewa saƙonni ne: yawanci mutum ne yake cewa ni ne wane, ya ambaci wance, ko ya bar gaisuwa. Karanta shi da wuya, don ba a rubuta wasula, ba a raba kalmomi, kuma layi yana iya tashi daga ƙasa zuwa sama ko daga dama zuwa hagu. Wanda ya kwafa bai nuna inda sama take ba, ya ɓata aikin. Ashe iyakar da aka sa tsakanin fasaha da ɓarna, mai bincike ne ya sa ta.

Kafin a fita aiki a Mayahi, sai a daidaita kalmomi. A Hausa "zane" ya ƙunshi layi da hoto da tsagar fuska da adon gini, "rubutu" kuma ya haɗa har da wanda ake wankewa a sha. Ina ba da shawara a ce "zanen shafe" ga wanda aka yi da launi, "zanen sassaƙe" ga wanda aka tsaga, "rubutun bango" ga duk harafin da aka sa a fili, ko a katanga, ko a ƙyaure, ko a bakin rijiyar siminti, ko a jikin amalanke. Lalas ɗin da makiyaya ke yi wa raƙuma a ba shi nasa babi, don alamar mallaka ce.

Bambanci babba shi ne dutse yana jira, bangon ƙasa ba ya jira. Damina ɗaya da yaɓe ɗaya sun isa su shafe abin da aka rubuta da gawayi ko alli. Don haka ya kamata a zaga gari sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan kaka, a sa kwanan wata a kowace takarda. A ɗauki hoto da ma'auni a gefe, kada a jiƙa, kada a bi layi da alli. A rubuta tsayin abin daga ƙasa, don shi ke bambanta hannun yaro da na babba. A kwafe komai, har lambar masu ƙidaya da ta masu allurar rigakafi, tun da su ne ke da lokaci sananne, kuma duk abin da ya hau kansu ya zo bayansu. A nemi izinin mai gari da mai gida, a tambaye su abin da suke kiran rubutun da wanda ya yi shi, amma kada a buga sunan kowa.

Sharaɗi mafi wuya ga wanda ya yi karatu shi ne kada ya gyara. Tun taron Bamako na 1966, zuwa makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, zuwa ƙa'idar rubutu ta 1999, ana koyar da ɓ da ɗ da ƙ, ana cewa a rubuta "u" da "c" da "gi". Bango ne zai nuna ko mai shago ya rubuta "gida" ko "guida", "ciniki" ko "tchiniki", ko kuwa ya koma ga ajamin da ya koya a makarantar allo. Rajistar ajin yaƙi da jahilci tana faɗin yawan waɗanda suka zauna, ba ta faɗin harafin da suka fita da shi. Mai kwafin da ya ƙara lanƙwasa a kan harafi don tausayi ya yi abin da ƴan ayarin Tasili suka yi. Saboda haka takardar aiki ta kasance da gurbi biyu dabam, ɗaya na abin da ke bango harafi da harafi, ɗaya na yadda mai gidan ya karanta shi da bakinsa.