Daga fitila zuwa taswira: yadda leƙa mafitsara ya sauya

Aikin leƙa cikin mafitsara ya faro ne da neman haske. A 1806 Philipp Bozzini na Frankfurt ya haɗa bututu da kyandir don ya ga cikin jiki. A 1879 Maximilian Nitze da maƙerin kayan likita Josef Leiter suka nuna na'urarsu a Biyana, wadda ke ɗauke da haskenta a baki, wata waya mai zafi da ruwa ke sanyayawa. Daga baya sandunan gilashi na Harold Hopkins, waɗanda kamfanin Karl Storz ya soma ƙerawa a shekarun 1960, suka tsabtace hoton ƙwarai. Sai kuma shuɗin haske, wanda ke sa ƙari ya yi ja bayan an zuba wani magani a mafitsara. Amurka ta amince da shi a 2010.

Duk da haka, abin da ya rage mana shi ne tuna wuri. Na'urar ba ta nuna bango sai ɗan ƙanƙanin yanki, kamar mai haska ɗaki da tocila. Sankarar mafitsara kuwa takan fito a wurare da dama, kuma tana yawan dawowa bayan an kankare ta ta hanyar fitsari, shi ya sa majiyyaci ke komawa a duba shi shekara da shekaru. Likitan da zai duba shi baɗi yakan dogara da zanen hannu da 'yan hotuna marasa alamar wuri. Wannan giɓi ne masu bincike a Nancy ta Faransa da Aachen ta Jamus suka fara cikewa, inda kwamfuta ke bin jijiyoyin jini tana ɗinke hotunan bidiyo su zama shimfiɗa ɗaya. Ayarin Eric Seibel a Jami'ar Washington, da masu bincike a Stanford, suka ƙara gina siffar bangon gaba ɗaya.

Masu suka na cewa mafitsara ba ta da tsayayyar siffa: tana faɗaɗa gwargwadon ruwan da aka zuba, jini kan dagula hoto, wasu sassan kuma sumul suke babu abin kamawa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa fasahar ba ta zama aikin yau da kullum ba. Amma ko taswira mai naƙasa tana nuna inda ba a duba ba, abin da ƙwaƙwalwar gwani ba ta iya shaidawa. Wasu kuma na ganin tsada ce, alhali mafi yawan aikin manhaja ce a kan bidiyon da aka riga aka ɗauka. A yankunan da tsargiya ke jawo sankarar mafitsara, likitocin fitsari kuma suka yi ƙaranci, taswirar da za a tura wa ƙwararre a nesa na iya hanzarta yi wa majiyyaci tiyata kafin ƙari ya ci naman bango.