Damisar da ke ƙirjin ƴan wasan Zayar

Cikin tsofaffin rigunan ƙwallon ƙafa da masu tara kayan tarihi ke nema a Turai, rigar Zayar ta 1974 tana sahun gaba. Koriya ce mai wuya rawaya, a ƙirjinta an zana babban da'ira, cikinsa damisa ta dafa ƙwallo, an rubuta « Léopards » a sama, « Zaïre » a ƙasa. Har yau ana ɗinka irinta, samari na saye don ado. Kaɗan ne daga cikinsu suka san abin da ya sami mutanen da suka fara sa ta.

Damisar nan ta Mobutu ce. Shi ne ya kwaɓe wa ƙasar suna Kwango a 1971 ya raɗa mata Zayar, kuma ba a cika ganinsa ba hular fatar damisa ba. Saboda haka duk ɗan wasan da ya sa rigar, tambarin shugaba ya rataya a ƙirji, ko ya so ko ya ƙi.

Da fari abin ya yi daɗi. A watan Disamba 1973 Zayar ta ci Maroko 3 da 0 a Kinshasa, ta zama ƙasa ta farko daga kudu da Sahara da ta sami zuwa gasar Kofin Duniya. Mobutu ya ba ƴan wasa gidaje da motocin Volkswagen. A watan Maris 1974 suka ɗauki Kofin Afirka a Masar bayan sun yi wasan ƙarshe sau biyu da Zambiya. Ndaye Mulamba shi kaɗai ya ci ƙwallo 9 a gasar, kuma har yanzu ba wanda ya kamo shi.

A Jamus ta Yamma ne abin ya lalace. Sukotilan ta ci su 2 da 0, ba abin kunya ba ne ga baƙon gasa. Amma kuɗin da aka yi musu alkawari ba su zo hannunsu ba, suka shiga wasan Yugoslabiya rai a ɓace, aka zuba musu 9. A wasan nan alƙali ya kori Ndaye bisa laifin da wani ya yi.

Sai wasan Birazil, ran 22 ga Yuni. An ba Birazil bugun tazara, ƴan Zayar sun yi katanga, sai Mwepu Ilunga ya fito da gudu ya buge ƙwallon tun ba a taɓa ta ba. Shekara da shekaru talbijin na Turai suna maimaita wannan hoto, wai ɗan Afirka ne bai san dokar wasa ba. A ganina wannan ba'a ta fi cin 9 ɗin ciwo: yaya mutumin da ya ɗauki kofin nahiya wata uku kafin nan zai jahilci bugun tazara? Daga baya Ilunga ya faɗa cewa mutanen Mobutu sun gargaɗe su, in Birazil ta ci su 4, kada su yi tunanin komawa gida. An tashi 3 da 0.

Sun koma, amma shugaba ya riga ya juya musu baya. A watan Oktoba hankalinsa ya koma ga damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Ilunga ya rasu a 2015. Ndaye kuwa, a 1994 wasu masu kakin soja suka far masa a gida suka harbe shi a ƙafa, jim kaɗan bayan hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi lambar girma. Ya gudu Afirka ta Kudu, ya yi shekaru cikin talauci yana gadin motoci, ya rasu a Johannesburg a 2019. Sunan da ke jikin rigarsa an soke shi tun 1997, lokacin da Laurent-Désiré Kabila ya maido wa ƙasar sunanta na da.