Bazara a bakin manoman Malbaza

Masu fassara sun saba ɗauko kalmar bazara su liƙa wa lokacin da Turai ke fita daga sanyi, itatuwa na toho, kowa na shiga lambu da iri a hannu. Watannin kam sun zo ɗaya, Maris zuwa Mayu, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban. A Malbaza, in an ce bazara, ana nufin zafin da ke haura digiri 40, ruwan rijiya ya ja baya, iska ta juyo daga kudu maso yamma da ɗan danshi, hadari ya haɗu da la'asar ya watse ko ɗigo babu.

Mai garka, abin da Bakano ke ce wa lambu, lokacin ne yake tattara komatsansa. Albasar Galmi, wadda sunanta ya kai kasuwannin Abijan da Akara, tun cikin ɗari ake dasa ta, a cire ta a Maris da Afrilu. Sai ta yi ambaliya a kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Wanda bashi bai shaƙe wa wuya ba ya zuba tasa a rudu, rumbun nan na kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, ya jira tsada. Sunan aikin dai noman rani, bazara ƙarshensa kawai take tararwa.

Kalmomin bazara na ainihi suna gonar tudu: sassabe, kai taki, sai bizne, wanda a Kano ake ce wa binne. A turbuɗa gero a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta yi alkawari ba. In ruwan fari ya sauka sosai, mai bizne ya riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro ya ƙone.

Akwai kuma tassa. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga ramukan da Mosawa ke kira zai, waɗanda ake haƙawa a fako a zuba taki su tare ruwa. Suka dawo da dabarar, suka kira ta da sunan da bakinsu ya saba. A wannan zafin ake haƙa ta, da gumi.

Don haka malaman makaranta da ƴan jarida su bar wa bazara ma'anarta. In ta Turawa ake nufi, a ce bazarar Turai, ko lokacin toho.