Gandun Ruwa Na Tsibirin Mafiya Da Cimakar Masunta

Gandun ruwa yanki ne na teku da hukuma ke keɓewa domin kifaye da sauran halittu su samu sararin hayayyafa. Na farko a Tanzaniya shi ne na Tsibirin Mafiya da ke Tekun Indiya, wanda aka kafa a 1995, mai faɗin murabba'in kilomita 822. A cikinsa akwai ƙananan tsibirai irin su Chole da Juani da Jibondo, inda akasarin jama'a suka dogara da su, sai kuma noman kwakwa da rogo.

Kafin kafa shi, masu kamun kifi da nakiya sun yi wa duwatsun murjani, inda kifi ke ƙyanƙyasa, mummunar ɓarna. Don haka aka karkasa gandun: akwai wuraren da aka hana su ɗungurungum, akwai kuma inda aka yarje wa mazauna yankin su yi kamu da kayan da doka ta amince da su.

Hikimar ita ce, kifin da ya yawaita a wurin da aka killace yakan bazu zuwa maƙwabta. Sai dai ribar ba ta zuwa nan take, kuma nauyin jiran bai faɗa kan kowa daidai ba. Mai jirgin inji yakan nausa cikin teku, amma mai ƙaramin kwalekwale, da matan da ke tsince-tsince a gaɓa, su ne tukunyarsu ke fara ragewa. Shi ya sa ake ƙarfafa sana'o'in tallafi kamar noman ciyawar teku da hidimar masu yawon buɗe ido.