Daga Marisuwa Zuwa Korona: Tarihin Daskarewar Jini

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin nuna cewa annobar numfashi ba huhu kaɗai take kamawa ba, har da jini. Ni Bagobiri ne, saboda haka zan dubi al'amarin daga wajenmu, wato Sabon Birni da Isa.

Annobar mura ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta sauka Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba. Daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, har ta game ƙasar Sakkwato. An kiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. A lokacin ko likitocin Turai ba su ga ƙwayar cutar ba, sai a 1933 aka gano ta a jikin ɗan Adam.

Korona ce ta fito da matsalar jini a fili. A cikin jini akwai wani sinadari da hanta ke yi, ana ce masa fibirinojin. In mutum ya ji rauni, sai ya zama zare-zare kamar saƙar gizo, ya tsai da jini. In gudan jinin ya narke, yakan bar ɓurɓushi mai suna D-dimer. A 2020 likitocin Wuhan ta ƙasar Sin suka lura cewa majinyatan da wannan ɓurɓushi ya yi wa yawa sun fi mutuwa. A Holan kuwa, cikin majinyata 184 da ke ɗakin kulawa ta musamman, kashi 31 cikin ɗari jini ya toshe musu jijiya. Shi ya sa aka shiga ba su heparin, maganin hana daskarewar jini. A 2023 masanan Jami'ar Oxford suka nuna cewa waɗanda sinadaran nan suka hau musu a asibiti sun fi fama da mantuwa bayan wata shida, har shekara guda.

To, ina mu a cikin wannan? A Kano, Ministan Lafiya ya ce mutum 979 suka rasu a mace-macen da suka tsananta cikin Afrilun 2020, kuma rabi ko fiye mai yiwuwa korona ce. A watan Mayu na shekarar 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Wanda hanya ta gagare shi, yaya zai kai Asibitin Koyarwa na Sakkwato a auna jininsa?

Daga ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai abu biyu. Mu gaya wa mutanenmu cewa kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi bayan zazzaɓi mai tsanani maganar asibiti ce, ba sammu ba. Kuma in mun je hutu, mu rubuta abin da dattawa suka ji game da marisuwa da abin da suka gani a korona, tun suna raye.