Daga Mudu Zuwa Katal: Tarihin Auna Ƙarfin Enzayim da Darasinsa ga Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda masana suka samar da ma'aunin ƙarfin sinadaran da ake kira enzayim, sa'an nan mu duba abin da tarihin zai amfana wa ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Enzayim wani sinadari ne da jikin mai rai ko tsiro yake yi, wanda yake hanzarta juyewar wani abu zuwa wani, shi kuwa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Mudu da tiya suna gaya mana yawan hatsi, sikeli kuma nauyinsa, amma babu ɗayansu da zai gaya mana ƙarfin tsiron gero. Mudu biyu na tsiro sai su zo daidai a ido, ɗaya ya zaƙaƙa kunu, ɗaya ya kasa. Saboda haka, ana auna enzayim ne da yawan aikin da ya yi a cikin wani ƙayyadadden lokaci.

2.0 Sanin da Ke Hannun Masu Sana'a

Mai kunun zaƙi takan raba ƙullun gero kashi biyu. Sai ta dama babban kashin da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, sa'an nan ta zuba ɗanyen kashin da ta haɗa da tsiro ko busasshen dankali. Kafin gari ya waye kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito, domin enzayim ɗin da ake kira amiles ya farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Ta san in ta zuba tsiron a kan kunu mai ƙuna ƙarfinsa zai mutu, ta kuma san aikin ya fi sauri da bazara a kan lokacin hunturu. Haka Buzaye masu cuku suke daskarar da madara da abin da suke samu daga tumbin ɗan akuya mai shan nono. Ke nan sharuɗɗan awon duka suna hannunsu: yawan abin da za a juya, da zafi, da lokaci. Abin da babu shi ne lamba wadda za a rubuta, wani a wani gari ya karanta ya gane.

3.0 Zamanin Kowa da Mudunsa

A Turai ma daga masu sana'a awon ya faro. A 1833 Payen da Persoz na Faransa suka ware sinadarin diyastes daga tsiron sha'ir, kalmar enzayim kuwa Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta wajen 1877. A wannan zamanin ne Soxhlet ya auna ƙarfin abin daskarar da madara da yawan madarar da zai daskarar cikin minti 40 a zafin digiri 35. A 1886 Lintner ya fito da ma'aunin tsiron sha'ir don masu dafa giya, wanda yake duba sukarin da ruwan tsiro zai fitar daga sitaci cikin awa ɗaya. A 1925 Windisch da Kolbach suka kawo nasu, watau giram nawa na sukarin maltos giram 100 na tsiro zai samar cikin rabin awa a digiri 20.

Da awon ya shiga asibiti sai ma'aunai suka ƙara yawa. Bodansky a 1933, da King da Armstrong a 1934, kowa ya yi nasa ma'aunin na enzayim guda da ake dubawa a ciwon ƙashi da na hanta. Somogyi ya yi na amiles a 1938, Karmen kuma na taransamines a 1955. Sai ya zama jinin mutum ɗaya yana ba da lambobi daban-daban, gwargwadon ɗakin gwajin da aka kai shi.

4.0 Haɗa Kai a Kan Ma'auni Ɗaya

Don maganin wannan ruɗani, Ƙungiyar Masana Kimiyyar Sinadaran Rai ta Duniya ta kafa kwamiti a 1956, wanda ya ba da rahotonsa a 1961. Ya tsai da ma'aunin da ake rubutawa da harafin U: ƙarfin da zai juya maikuromol ɗaya a minti ɗaya. Mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, maikuromol kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na mol. To, amma tsarin awo na duniya da daƙiƙa yake lissafi, ba da minti ba. Don haka a 1972 aka ba da shawarar katal, watau mol ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kuma Babban Taron Awo na Duniya karo na 21 ya karɓe shi a 1999. Katal ɗaya daidai yake da U miliyan 60, U ɗaya kuwa nanokatal 16.67 ne.

Duk da haka U bai kau ba. Alal misali, sakamakon gwajin hanta da aka rubuta U 40 a lita, a ƙasar Suwidin maikurokatal 0.67 za a rubuta. Wanda ya karanta lamba bai duba ma'auni ba, yana iya sallamar mai ciwo ko ya tsorata mai lafiya. Bugu da ƙari, an daɗe ana gwaji a digiri 25 ko 30 ko 37, sai a 2002 ƙungiyar masu gwajin asibiti ta duniya ta fitar da hanyoyinta na digiri 37.

5.0 Ma'aunin Sha'ir a Kan Dawa

A 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antu suka koma ga dawa. In an auna tsiron dawa da ma'aunin da aka yi don sha'ir, sai ya fito da rauni, domin dawa tana da ƙarancin nau'in amiles mai fitar da maltos, ko da yake tana da nau'in da yake tsinka kauri. Wannan ne ya sa tun 1959 Novellie a Afirka ta Kudu ya tsara wa dawa hanyar awo tata. Abin lura kuma shi ne, dankali yana cike da ainihin nau'in da dawa ta gaza a kansa, har daga cikinsa ne Balls da abokan aikinsa suka tace shi a 1946. Ashe mai kunun da take ƙara dankali giɓin da masana suka gano take cikewa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa lambar ƙarfin enzayim ba ta da ma'ana sai an faɗi abin da aka juya, da zafin da aka yi aikin, da ma'aunin da aka bi. Shawararmu uku ce. Na farko, ɗakunan gwajin asibitocinmu su riƙa rubuta ma'auni da zafi a gefen kowane sakamako, musamman a gari irin Maigatari, inda majinyata kan zo da takardu daga Jamhuriyar Nijar. Na biyu, malaman kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Gumel da makarantun sakandare su koyar da U da katal ta hanyar kunun zaƙi, tun da agogo da ma'aunin zafi da ɗan ruwan aidin sun isa a nuna ɓacewar sitaci. Na uku, a auna ƙarfin tsiron ire-iren gero da dawar da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar, a rubuta shi da ma'aunin duniya, domin manomi ya sami hujjar neman farashi a kan ƙarfin hatsinsa, ba a kan cikar mudu kaɗai ba.